Jirgin Ƙasa da Bankwana: Tarken Fim ɗin "Waƙar Soja" na Grigori Chukhrai

1.0 Gabatarwa

Labarin saurayin da ya bar gida ya tafi yaƙi tsohon labari ne a adabin duniya, kuma kusan kullum zubinsa ɗaya ne. Akan fara da bankwana a ƙofar gida ko a tasha, a bi yaro zuwa bakin daga, sannan a bar mai karatu ko mai kallo cikin zullumin ko zai dawo ko ba zai dawo ba. A yaƙin duniya na ɗaya (1914-1918) da na biyu (1939-1945), jirgin ƙasa ne babban abin da ya riƙa kwasar samarin Turai zuwa fagen fama. Wannan ne ya sa tasha da tarago da kukan jirgi suka cika waƙoƙi da littattafai da finafinan da suka yi magana a kan waɗannan yaƙe-yaƙe.

Wannan takarda za ta yi tarken wani fim na tsohuwar Tarayyar Sobiyet mai suna "Ballada o soldate", wanda za a iya fassarawa da "Waƙar Soja". Abin da ya sa aka zaɓe shi shi ne yadda ya ɗauki wancan tsohon zubi ya kifar da shi. A cikinsa jirgin ƙasa gida yake kai sojan, amma mai kallo ya riga ya san cewa wannan ne ganin ƙarshe tsakaninsa da mahaifiyarsa. Ke nan tafiyar da ake yi wa kallon komawa gida, bankwana ce da aka shimfiɗa a kan dogo tun daga farkon fim har ƙarshensa. Takardar za ta yi ƙoƙarin nuna yadda aka gina wannan, ta hanyar amfani da ma'aunan da ɗalibai suka saba da su wajen nazarin ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo, wato zubi da tsari da jigo da taurari da salo. Daga bisani za a duba inda fim ɗin ya yi rauni.

2.0 Fim ɗin da Zamaninsa

Kamfanin Mosfilm na birnin Mosko ne ya shirya fim ɗin, ya kuma fito a shekarar 1959. Baƙi da fari ne, tsawonsa bai cika awa ɗaya da rabi ba. Grigori Chukhrai (1921-2001) ne ya ba da umarni, shi ne kuma ya rubuta labarin tare da Valentin Yezhov. Dukkansu biyu sun yi aikin soja a yaƙin da suke magana a kansa. Shi Chukhrai ya halarci gumurzun Stalingrad, an kuma ji masa rauni fiye da sau ɗaya. Manyan taurarin fim ɗin, Vladimir Ivashov da Zhanna Prokhorenko, ɗalibai ne ƴan shekara 19 zuwa 20 da ba a taɓa ganin su a wani fim ba, ga shi kuwa mai ba da umarnin da gangan ya ajiye sanannun ƴan wasan da aka fara aikin da su, ya ɗauko waɗannan domin shekarunsu su yi daidai da na mutanen labarin.

Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga watan Yuni 1941, ba a kuwa ajiye makamai ba sai a watan Mayu 1945. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi ya nuna cewa ƙasar ta yi asarar mutum wajen miliyan 27, soja da farar hula. Duk da haka, finafinan yaƙin da aka yi a ƙarshen mulkin Stalin ba su damu da ƙaramin soja ba. Sun fi mayar da hankali ga shugaba da janar-janar da taswirar yaƙi. Alal misali, a fim ɗin "Faɗuwar Barlin" na 1950 an nuna Stalin yana saukowa daga jirgin sama a birnin Barlin ana yi masa shewa, alhali hakan bai taɓa faruwa ba. Bayan rasuwarsa a 1953, da kuma jawabin da Khrushchev ya yi a 1956 inda ya fallasa wasu laifuffukansa, sai aka ɗan sassauta wa marubuta da masu shirya finafinai. Wannan lokaci ne ake kira zamanin narkewar ƙanƙara. A cikinsa ne aka sami finafinai irin su "Gauraki na Shawagi" na Mikhail Kalatozov (1957), wanda ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1958, sannan "Waƙar Soja" ya biyo baya. Shi ma ya sami lambar yabo a Cannes a 1960, an ba marubutansa kyautar Lenin a 1961, ya kuma ci kyautar fim mafi kyau a Ingila a 1962.

Ya kamata ɗalibin harshe ya lura da kalmar farko ta sunan fim ɗin. "Ballada" waƙa ce mai ɗauke da labari. Takan bi mutum guda, ta gajarta bayani, ta maimaita wani abu kamar amshi, kuma sau da yawa da mutuwa take ƙarewa. Duk waɗannan siffofi suna nan a zubin fim ɗin, kamar yadda za a gani.

3.0 Labarin a Taƙaice

An buɗe fim ɗin da wata mata sanye da baƙaƙen kaya, ta ratsa ƙauye ta tsaya a bakin hanya tana duban nesa. Muryar mai ba da labari ta bayyana cewa ɗanta Alyosha bai dawo daga yaƙi ba, an binne shi a wata ƙasa mai nisa. Daga nan sai aka koma baya.

Alyosha Skvortsov ɗan shekara 19 ne, aikinsa isar da rahoto ta waya daga bakin daga. Da tankokin Jamus suka matso sai ya zura da gudu, ya ci karo da wata bindigar harbin tanka da aka yasar, ya lalata tanka biyu. Janar ya so a ba shi lambar yabo, shi kuwa ya roƙi a bar shi ya je ya ga mahaifiyarsa, ya gyara mata rufin ɗaki da ke yoyo. Aka ba shi kwana shida: biyu na zuwa, biyu na gyaran rufi, biyu na dawowa.

A hanya wani soja mai suna Pavlov, wanda shi kuma daga ya nufa, ya roƙe shi ya gai da matarsa, abokansa suka matsa wa sajensu ya ba da sabulu guda biyu a kai mata. A tasha ya haɗu da Vasya, wanda aka yanke wa ƙafa, yake kuma shakkar komawa wurin matarsa. Bayan ya raka shi, sai ya ba wani mai gadi, Gavrilkin, toshiyar baki da gwangwanin nama, ya shiga taragon da aka loda wa busasshiyar ciyawa. A nan ne wata yarinya, Shura, ita ma ta faɗo a ɓoye. Da farko tsoronsa ta ji, ta ce masa wurin saurayinta za ta, wani matuƙin jirgin sama da ke kwance a asibiti. Sannu a hankali suka saba. Suka kai sabulun tare, suka tarar matar Pavlov tana zaune da wani namiji. Alyosha ya karɓe sabulun ya kai wa mahaifin Pavlov da ke kwance ba lafiya. Wajen rabuwa ne Shura ta gaya masa cewa ba ta da wani saurayi, wurin gwaggonta za ta. Daga baya jiragen saman Jamus suka yi wa jirgin da yake ciki ruwan bama-bamai, gada ta karye. Ya yi fito, ya roƙi wani direban babbar mota ya kai shi ƙauyensu, Sosnovka. Ya ga mahaifiyarsa na ƴan mintoci a bakin hanya, ya hau mota ya juya. Bai ko hau kan rufin ba.

4.0 Zubi da Tsari

4.1 Sanar da Mutuwa Tun Farko

Babban abin da ke riƙe mai kallo a labarin yaƙi shi ne tambayar ko tauraro zai tsira. Chukhrai ya zubar da wannan makami tun a mintocin farko. Wani zai ɗauka cewa hakan zai kashe armashin labarin, amma abin da ya faru shi ne tambayar ce ta sauya. Tunda an san yaron ba zai dawo ba, sai hankali ya koma kan kwanakin nan shida da yadda zai kashe su. Mai kallo ya san abin da babu wanda ya sani a cikin labarin, don haka kowace fitowa tana da fuska biyu. Idan Alyosha ya yi dariya da Shura a cikin ciyawa, a wurinsa farkon soyayya ne, a wurin mai kallo kuwa ita ke nan soyayyar da zai taɓa yi. Haka kuma ba a nuna mutuwarsa ba ko kaɗan. Babu gawa, babu kabari, babu wasiƙar ta'aziyya. Hanyar nan da uwa ta tsaya a bakinta da farko, ita ce dai aka rufe fim da ita, wato labarin ya zagayo inda ya taso.

4.2 Kwana Shida a Matsayin Ma'auni

Lissafin da janar ya yi, biyu da biyu da biyu, shi ne ƙashin bayan zubin fim ɗin. Da zarar an faɗe shi, mai kallo ya sami abin da zai riƙa ragewa. Tsayawa wurin Vasya ta ci wani abu. Da Alyosha ya sauka neman ruwa, ya tsaya sauraron labarin yaƙi daga lasifika, sai jirgi ya tashi ya bar shi, wannan ma ta ci. Neman gidan Pavlov a garin da bam ya rusa, da komawa neman mahaifinsa, sun ci nasu. Ceton mata da yara daga taragon da ke cin wuta ya cinye ragowar. Duk waɗannan sa'o'i daga kwana biyun tsakiya ake zaftare su, domin ranar komawa daga ba ta motsi. Ma'ana, kowane alheri da yaron ya yi wa baƙo, daga rabon mahaifiyarsa ya ɗebo shi. Fim ɗin bai taɓa faɗar haka da baki ba, kuma Alyosha bai tsaya ya yi wannan lissafi a fili ba. Tsarin labarin ne ya faɗa.

4.3 Kama da Bambanci da Zubin Tatsuniya

Ɗalibin da ya yi nazarin tatsuniya zai gane wannan zubi nan da nan. Yaro ko yarinya sun kama hanya, sun haɗu da mabukata ɗaya bayan ɗaya, sun taimake su, sannan a ƙarshe waɗanda aka taimaka su dawo su fitar da su daga ƙunci. Wannan shi ne zubin da ke tabbatar da karin maganar nan da ke cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. "Waƙar Soja" ya bi rabin farko na wannan zubi sau da ƙafa, ya watsar da rabi na biyu. Vasya bai sake fitowa ba. Pavlov bai san abin da aka yi dominsa ba. Mahaifin Pavlov bai da abin bayarwa sai godiya. Gaskiya ne akwai masu taimakon Alyosha a hanya, kamar tsohuwar da ke tuƙa babbar mota cikin taɓo, da laftanan da ya hukunta Gavrilkin, amma ba ramuwar wani abu suke yi ba, su ma baƙi ne da suka yi nasu suka wuce. Alherin bai faɗi ƙasa banza ba, tunda ya gyara auren wani ya kuma sanyaya ran wani tsoho, sai dai bai komo wa mai shi ba. A nan ne fim ɗin ya rabu da tatsuniya, a nan ne kuma zafinsa yake.

5.0 Jirgin Ƙasa a Cikin Fim ɗin

A tarihin wannan yaƙi dogo shi ne jijiyar ƙasar. Ta kansa aka kwashe masana'antu fiye da 1,500 zuwa gabas a 1941, ta kansa ne kuma ake kai soja da makamai yamma, a komo da masu rauni. Fim ɗin ya yi amfani da jirgin ƙasa ta hanyoyi uku.

Na farko, jirgi shi ne agogon labarin. Ba ya jiran kowa. Kusan duk wata magana mai muhimmanci a fim ɗin, tashin jirgi ne ke katse ta. Hoton ƙafafun jirgi da layin dogo da ke maimaituwa tsakanin fitowa da fitowa shi ne amshin wannan waƙa, yana tuna wa mai kallo cewa lokaci na tafiya.

Na biyu, jirgi taga ce da ake hango ƙasa baki ɗaya ta cikinta. Bakin daga bai wuce mintocin farko ba. Sauran yaƙin a tashoshi ake ganin sa: mata suna aikin da maza suka bari, ƴan gudun hijira daga Yukiren da suka rasa gidajensu, guragu a kan sanduna, jama'a na turereniya a ƙofar tarago. Alyosha gabas ya nufa, alhali samari irinsa yamma ake kai su. Haɗuwarsa da ayarin su Pavlov ta nuna wannan ƙarara, shi yana fita su suna shiga, kuma mai kallo ya san nan da kwana shida zai bi sawunsu.

Na uku, tarago ya zama gidan wucin gadi. A cikin taragon ciyawa ne Alyosha da Shura suka ci abinci tare, suka yi gardama, suka shirya, ya fita nemo mata ruwa, ita kuma ta tsaya jiransa a tasha ta gaba bayan jirgin ya wuce. Duk abin da ake yi a zaman aure na shekaru an taƙaita shi a cikin wannan akwatin katako mai tafiya, ba tare da sun ko furta kalmar so ba. Irin wannan tarago na kaya shi ne ake loda wa soja a kai su daga. Wato ɗakin da ya zame musu gida, shi ne kuma abin da ke raba mutane da gidajensu.

Abin lura shi ne jirgin bai kai Alyosha gida ba. Dogo ya yanke a bakin gadar da ta karye, sauran tafiyar a kan ruwa da cikin mota aka yi ta. Saboda haka bankwanar da aka saba gani a tasha, a nan an raba ta biyu. Ta tashar jirgi an ba Shura, wadda take bin tarago da sauri yana ɗaga murya yana gaya mata sunan ƙauyensu cikin ƙarar jirgi. Ta uwa kuwa an kai ta bakin hanyar ƙauye, inda ƙahon mota ya maye gurbin kukan jirgi.

6.0 Jigo da Taurari

Babban jigon fim ɗin shi ne asarar da yaƙi ke jawowa, amma ba da yawan gawawwaki aka auna ta ba. An auna ta da abubuwan da aka fara ba a ƙarasa ba: rufin da ba a gyara ba, soyayyar da ba a furta ba, hirar ɗa da uwa da ba a zauna an yi ba. Ƙaramin jigon da ke tallafa masa shi ne amana, musamman amanar jira. An jera mata huɗu a kan wannan ma'auni. Matar Vasya ta jira, ta karɓi mijinta da ƙafa ɗaya. Matar Pavlov ba ta jira ba. Shura ta jira na ƴan sa'o'i a tasha, abin da ya nuna irin jiran da za ta iya yi. Uwa kuwa tana jira har bayan jiran ya daina amfani.

Fitowar Vasya ta cancanci a tsaya a kanta. Ya je teburin tangaraho zai aika wa matarsa cewa kada ta sa ran ganinsa, sai ma'aikaciyar wurin ta fashe da faɗa, ta nuna masa cewa akwai matan da nasu ba za su dawo ba ko da ƙafa ɗaya. Da suka isa tashar garinsu, jama'a suka watse, ya rage shi kaɗai a kan sandunansa, har ya fid da rai, sai ga muryarta daga nesa. Alyosha bai jira godiya ba, ya sulale. Wannan ita ce kaɗai haɗuwar da ta cika a duk fim ɗin, kuma ta wani ce.

Sabulun nan guda biyu shi ne alama mafi ƙarfi a fim ɗin. Shi ke nan rabon ayarin sojan gaba ɗaya, suka haƙura da shi domin matar da ba su taɓa gani ba. Ke nan ya tashi daga abin wanka ya zama amanar mutane da yawa. Da Alyosha ya ajiye shi a teburin matar Pavlov ya fita, sai ya komo ya ɗauke abinsa. Wannan ɗaukewa ita ce hukuncin da ya yanke mata, ba sai da dogon jawabi ba. A wurin mahaifin Pavlov kuwa an yi ƙarya biyu. Alyosha, wanda bai san Pavlov ba sai na ƴan mintoci, ya shiga yabon jaruntakarsa da yadda abokansa ke girmama shi. Tsohon kuma ya ba da saƙo a gaya wa ɗansa cewa matarsa lafiya lau, tana gaishe shi. Kowannensu ya rufa wa wanda ba ya nan asiri. Fim ɗin ya bar wa mai kallo ya yanke wa kansa hukuncin wannan ƙarya, bai kira ta laifi ba, bai kuma yi mata kirari ba.

7.0 Salo

Salon fim ɗin na taƙaita magana ne. Inda abu ya fi nauyi, nan ne kalmomi suka fi ƙaranci. Lokacin da tanka ke bin Alyosha a fili, kyamara ta juya a hankali har ƙasa ta koma sama, sama ta koma ƙasa, aka ga ɗan mitsitsin mutum yana gudu a kife. Wannan ya wadatar wajen nuna firgici. Da janar ya tambaye shi yadda aka yi, bai ɓoye cewa tsoro ne ya kama shi ba, wanda hakan sabon abu ne idan aka kwatanta da jaruman finafinan zamanin Stalin.

Bayan rabuwa da Shura, an ɗora hotonta a kan hoton itatuwan da ke wucewa ta tagar jirgi. A nan ne Alyosha ya fahimci cewa da ta ce ba ta da kowa, so ne take bayyana masa. Wannan darasi ne ga ɗalibin harshe a kan bambancin abin da aka furta da abin da ake nufi. Jimlar ba ta ƙunshi kalmar so ba, yanayi da lokacin faɗarta ne suka ba ta wannan ma'ana, shi kuwa bai gane ba sai da jirgi ya yi nisa.

Fitowar ƙarshe ita ce ƙolin wannan salo. Uwa tana gona aka gaya mata, ta rugo da gudu. Da suka rungume juna sai komai ya yi tsit na wani lokaci. Maƙwabta suka kewaye su, kowace tana tambayar labarin nata, suna ƙara cinye ɗan lokacin da ya rage. Da aka ba su wuri, abin da suka iya faɗa wa juna ƙananan abubuwa ne: ya ƙara tsawo, ko ya fara aski, ko yana shan taba. Ya miƙa mata ɗankwalin da ya yo mata tsaraba. Direba ya matsa ƙaho. Marubutan sun san cewa mutanen da ke da magana mai yawa da lokaci kaɗan sukan ɓuge da maganar da ba ta taka kara ta karya ba, suka kuwa bar ta a haka.

8.0 Inda Fim ɗin Ya Yi Rauni

Rauni na farko yana jikin tauraron. Alyosha ba shi da aibi, kuma bai sauya ba daga farko har ƙarshe. Ko toshiyar bakin da ya bayar, an ɗora laifinta a kan mai karɓa. Mutuwarsa da wuri ita ta tsare masa wannan tsarki. Fim ɗin "Cabascabo" na Oumarou Ganda ɗan Nijar, wanda aka nuna a bikin finafinai na Mosko a 1969, ya tunkari abin da Chukhrai ya kauce wa. Ganda, wanda shi kansa ya yi wa Faransa yaƙi a Indocina, ya nuna sojan da ya dawo da rai, kuɗinsa suka ƙare, abokan cin mushe suka watse. Tambayar yadda Alyosha zai kasance da ya dawo yana ɗan shekara 22, bayan ya ga abin da ya gani, ba ta cikin "Waƙar Soja".

Rauni na biyu shi ne yadda aka raba nagarta da mugunta. Duk mai babban muƙami a fim ɗin mutumin kirki ne, janar uba ne, laftana adali ne. Masu laifi biyu ne kawai, ƙaramin soja mai kwaɗayi da mace mai rauni. Ita matar ma ba a ba ta filin da za a ji yadda yunwa da rushewar gida suka kai ta ga abin da ta yi ba. Haka kuma babu alamar tsananin da hukumar Sobiyet ta yi wa sojanta. A ranar 28 ga watan Yuli 1942 Stalin ya sa hannu a kan umarni mai lamba 227, wanda ya haramta ja da baya ba da izini ba, ya kuma tanadi rundunonin horo da masu tare masu gudu. A fim ɗin kuwa yaro ya gudu daga inda aka ajiye shi, ya amsa cewa tsoro ya ji, aka yi murmushi aka ba shi hutu. Wannan ya nuna iyakar sassaucin da aka samu a 1959.

Rauni na uku yana cikin muryar mai ba da labari a ƙarshe. Ta lissafa abubuwan da yaron zai iya zama da ya rayu, sannan ta rufe da cewa a matsayin sojan Rasha za a riƙa tunawa da shi. Bayan an shafe fim guda ana nuna shi a matsayin ɗa da masoyi da ɗan aike, sai aka mayar masa da kakinsa a jimlar ƙarshe. Ana iya karanta wannan a matsayin biyan bukatar hukuma, ana kuma iya karanta shi a matsayin kuka, wato yaƙi bai bar shi ya zama komai ba sai soja. Hoton uwar da ke tsaye a bakin hanya ya fi goyon bayan karatu na biyu.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa ƙarfin "Waƙar Soja" a zubinsa yake. An sanar da mutuwa tun farko, an ba tauraro adadin kwanaki, sannan aka sa jirgin ƙasa ya riƙa cinye su a gaban mai kallo. Da wannan dabara aka mayar da labarin zuwa gida ya zama labarin barin gida. An kuma ga cewa fim ɗin ya tsarkake tauraronsa fiye da kima, ya kuma kau da kai daga laifin hukuma. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, amma har yanzu ana nazarin wannan fim, domin abin da ya dogara a kansa bai tsufa ba. Ɗalibin da ke son rubuta labari ko yin tarken na wani zai amfana da duba yadda aka gina babban jigo a kan ƙananan abubuwa da ake iya ƙirgawa: tanka biyu, kwana shida, sabulu biyu, da rufin ɗaki guda da aka bari yana yoyo.